Baƙar Giyar da Ta Raba Ni da Maamobi

Na bar gidan Alhaji Isaka a unguwar Maamobi ta Accra da rana tsaka, da tukwane biyu da tabarma da rabin buhun tsiron dawa. Ku da uwarku kuka zauna. Wannan kun sani. Abin da kuka taso kuna ji a bakin mutane shi ne ubanku mashayi ne, an kore shi, ya zaɓi giya ya bar 'ya'yansa. Ban taɓa tsayawa na yi gardama da kowa a kan wannan ba. Yanzu ƙafa ta zaunar da ni, zan faɗa sau ɗaya. Ban yi makaranta ba, autarku Agnes ce ke rubutawa, na kuma ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta ƙara gishiri.

Ni ɗan ƙabilar Dagarti ne, daga can arewacin Ghana. Uwata pito take dafawa, giyar dawa da ake sha a ƙwarya. A garinmu aikin mata ne, namiji sha kawai yake yi. Amma ni ne ɗan fari, ƙannena mata ba su zo da wuri ba, saboda haka ni ke ɗauko mata itace, ni ke hura wuta, idona kuma yana kan hannunta. Da na sauko Accra na yi dako a Zongo Lane har ranar da amalanke ya kife mini a ƙafar hagu. Na yi gadi. Daga baya na samu aikin kuku a gidan wani tsohon Bature a Kokomlemle, daga nan sunana ya ɓace, kowa Kuku yake kirana har yau. Uwarku Mariya 'yar Frafra ce, yarenmu ba ɗaya ba. Hausar Zongo ce ta haɗa mu. Da ita na neme ta, da ita na yi muku faɗa, da ita zan faɗi wannan.

Baturen, Masa Luk muke kiransa, wato Maigida Luk, mutumin Beljiyam ne, aikin ruwan famfo ya kawo shi Ghana, ya tsufa a nan. Ba mashayi ba ne. Amma ran Lahadi, in ya dawo daga coci ya ci abinci, sai ya sa a ɗauko masa wata gajeriyar kwalba mai kauri, cikin waɗanda ake aiko masa daga ƙasarsu. Abin da ke ciki baƙi ne kamar kofi, kumfarsa ruwan ƙasa. Kwalba ɗaya zai zauna da ita har rana ta yi sanyi. Ya ce wasu limaman coci ne ke yin ta, waɗanda suka killace kansu a gidan addu'a, ba aure, ba yawo. Wata rana ya zuba mini kaɗan a kofin shayi.

"Kuku, ɗanɗana. Kada ka kwankwaɗe, ba pito ba ce."

Na kurɓa. Zaƙi ya fara zuwa, irin na dabino. Ɗaci ya biyo shi a hankali. Sai wani ɗumi ya sauka a ƙirji ya zauna.

"Me ka ji?"

"Na ji hatsi da aka soya. Na ji sukari da aka ƙona. Akwai wani ganye mai ɗaci, ban san shi ba."

"Hancinka ya fi miyarka," in ji shi, yana dariya. Sai ya karkata kwalbar ya nuna mini wata farar laka da ta kwanta a gindinta. "Ka ga wannan? Tana da rai. Barci kawai take yi. Ka ba ta abinci, za ta tashi."

Wannan na gane, don uwata ma tana kwashe lakar gindin tukunya ta shanya, da ita take tayar da dahuwa ta gaba.

Ciwo ya kama Masa, 'yarsa ta zo ta tafi da shi. Ya bar mini manyan tukwanen ƙarfe biyu da sauran kwalabe uku da bai sha ba. Aiki ya ƙare. Na zaga gidajen Turawa da otal-otal, kowa ya dubi furfurata, ya dubi ƙafata, ya ce in dawo wani lokaci. Muka koma kan tukunyar uwarku ita kaɗai. Asana take sayarwa, baƙin ruwan masara mai zaƙi da ake sha da ƙanƙara. Ba ta bugarwa, yara suna sha, malamai suna sha. Ta jiƙa masara, ta baza a buhu ta yi tsiro, ta shanya, ta daka, ta dafa, sannan ta ƙona sukari har ya yi hayaƙi ta zuba. Teburinta yana bakin titi kusa da masallaci, da azumi kafin a kira magariba layi ake yi mata. Amma tebur ɗaya ba ya ɗaukar mutum shida. Na fara ganin tana tura muku tuwonta tana cewa ta ƙoshi.

Gidan kuwa kun san shi. Ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ga Kotokoli, ga Zabarmawa, ga Dagomba, ga Mosi. Mu kaɗai ne Kirista. Alhaji Isaka dillalin shanu ne, ya ba mu ɗaki tun kafin a haifi Pita, babbanku, bai taɓa tambayata inda nake zuwa ran Lahadi ba. Da Sallah naman layya har ƙofarmu. Da Kirsimeti uwarku ta kai kaji wurin mahauci Musulmi ya yanka don kowa ya iya ci. Ƙanwar Alhaji, Hajiya Ramatu mai sayar da shinkafa da wake, ita ta yi wa kowannenku wankan farko. In uwarku ta fita kasuwa akwai hannu goma da za su riƙe ku. Irin wannan gida ba a samunsa sau biyu a Accra.

A bayan tsohon gidan Masa akwai wata 'yar ƙabilar Ga, Anti Dede, mai gidan giya, wurinta nake sayen ƙanƙara a da. Na je neman aikin wanke kofuna. Ta ce tana da masu wankewa.

"Amma kai ɗan arewa ne. Ba ka iya pito ba?"

"Na iya."

"Pito ta cika gari, kuma kafin gobe ta yi tsami. Akpeteshi kuwa, wannan farin mai ƙona hanji, kashe mini kwastomomi yake yi. Kawo mini abin da zan jera a kanta ya daɗe, wanda ba kowa ke da shi ba, ka ga yadda zan sayar."

Na taka har gida ina tunanin kwalaben Masa. Na faɗa wa uwarku zan dafa irin giyarsa a ɗakinmu.

"Baban Pita, a gidan Alhaji?"

"Tsiro ne da wuta da sukari. Kullum suna ganin kina yi."

"Nawa ba ya sa mutum ya zagi uwarsa."

"Jiya me kika ci?"

Can ta ce, "In an kama ka, ban san ka ba." Washegari ita ta raka ni kasuwar Nima ta zaɓo mini jar dawa, tana ciza ƙwayar tana tofarwa, tana faɗa da mai awo.

Kwalba ɗaya na sha, a hankali, don harshena ya riƙe. Sauran biyun na tsiyaye sama na bar lakar, na ba ta ruwan tsiro mai zaƙi, na rufe bakin da tsumma. Da farko ba motsi. Na kusa zubarwa, sai na ga ƙananan kumfa suna hawa. Dahuwar farko na yi ta yadda uwata ke yi, na bar ruwan ya kwana ya yi tsami kafin tafasa ta biyu. Pito ce ta fito, pito mai tsada. Na gane ta Masa ba a barinta ta kwana, tacewa ake yi a tafasa nan take. Ta biyu ba tsami, amma fara ce, ba jiki, kamar ruwan wanke shinkafa. Sai na raba tsiron, na soya kaɗan a kasko. Na farko ya ƙone, giyar ta yi ɗanɗanon gawayi. Na koyi sauke kaskon lokacin da ƙamshi ya koma na ɓawon burodi, ba sai ido ya ga baƙi ba. Sukari kuwa ya gagare ni. Ko dai ya tsaya ja, ko ya wuce ya zama kwalta. Uwarku ta gaji da kallona.

"Matsa. Kana ɓata mini sukari, kana ɓata mini tukunya."

Ta matsa lemun tsami kaɗan a ciki, ta rage wuta, ba ta juya ba. Ta tsaya tana kallon kumfa. Da manyan kumfa suka koma ƙanana, hayaƙin farko ya tashi, ta watsa ruwan zafi ta ja baya. Abin da ya fito baƙi ne mai sheƙi, yana ƙamshin dabino da zabibi. Ku sani, rabin wannan giya hannun uwarku ne, ko da yake ba ta taɓa sa ta a baki ba.

Ganyen ɗacin ne ya fi wahalar da ni, don ba ya tsirowa a ƙasar nan. Na gwada shuwaka, giyar ta yi warin miya. Na gwada namijin goro, ɗacin ya maƙale a wuya ya ƙi tafiya. Wata tsohuwa mai sayar da saiwoyi a Nima ta ba ni ɓawon maɗaci. Tsawon yatsa ya ishi tukunya guda, a jefa shi ana kusa da saukewa. In ya wuce haka, magani ka dafa. Na ƙara dabino da aka jiƙa aka murje, da 'yan ƙwayoyin kanumfari. Ƙarfi daga sukari yake zuwa, amma in ka zuba shi gaba ɗaya sai lakar ta suma, ta daina aiki. Kaɗan-kaɗan ake ba ta, kamar ciyar da majinyaci. Zafin Accra ma ya yi mini ɓarna. Tukunyar da ta ɗau zafi tana ba da giya mai warin fenti, mai fasa kai. Na sa ta a baho mai ruwa, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, a kusurwar ɗakinmu bayan labule. Duk wannan ya ci damina guda. Abin da ya lalace a kwata nake zubarwa, mutanen gida suna yi wa Mariya jaje wai asanarta ce ta ɓaci. Ba wanda ya tambaye ni, ban yi wa kowa ƙarya ba.

A ƙarshe tukunya ɗaya ta yi daidai. Na ɗiba a cokali na kurɓa, na ji zaƙin, na ji ɗacin a bayansa, na ji ɗumin ya sauka. Na sayi kwalabe wurin mata masu tara su, Anti Dede ta ara mini abin buga murfi. A nan koyarwar uwata ta kayar da ni. A wurinmu pito ana shanta tana raye, tana kumfa, tana kuka a tukunya. In ta yi shiru ta mutu, ko kyauta ba mai karɓa. Uwata in ta kai kunne bakin tukunya ba ta ji kukan ba, ranar ta ɓaci ke nan. Na kuma tuna ta Masa in an buɗe tana huci. Sai na ce a raina dole a rufe ta tana da rai. Tukunyar tana tsakiyar kuka na ɗura ta a kwalabe, na buga murfi, na jera su ƙarƙashin gado. Duk wanda mai pito ta haifa haka zai yi.

A makon aka yi sunan jikan Alhaji. Da safe malamai suka yi addu'a, aka raba goro, aka yanka rago. Bayan azahar tsakar gida ta cika da mata, an kafa rumfa, ga kujerun roba, ga tukwanen shinkafa a wuta. Rana ta buɗe, kwanon rufi ya ɗau zafi. Ina zaune a ƙofar gida tare da maza. Uwarku aka ba aikin abin sha, tana tsakiyar mata tana zuba wa kowa asana.

Sai muka ji tau! Sai kuma tau, tau! Mata suka watse. Wata ta shige ƙarƙashin tebur da goyo a bayanta. Wani tsohon Mosi ya yi ihu wai sojoji ne, ya fita ba takalmi. Ni tun ƙarar farko na san ba bindiga ba ce. Na ja ƙafata na shiga. Kwalba in ta fashe sai ta fasa ta kusa da ita, haka suka yi ta yi. Baƙin ruwa da kumfa suka biyo ƙarƙashin ƙofarmu, suka gangaro tsakar gida har gindin tabarmar baƙi. Allah ya kiyaye, ba kowa a ɗakin, duk kuna wurin shinkafa. Hajiya Ramatu ce ta fara isowa.

"Wayyo Mariya, sauran asanarki ta zube! A kawo bokiti!"

Ta durƙusa ta sa hannu. Sai ta kai hannun hanci. Ta ɗago ta dubi uwarku, ta dubi kofin asana da ke ɗaya hannunta, ta ajiye shi a ƙasa a hankali. Na ga mata suna ajiye kofunansu ɗaya bayan ɗaya. Wata ta sa wa 'yarta yatsa a baki tana so ta amayar. Uwarku tana tsaye da ludayi a hannu. Ba ta yi kuka ba.

"Hajiya, nawa ne," na ce. "Nata masara ce da sukari kamar kullum."

"Kuku, wuta ɗaya, ɗaki ɗaya, ludayi ɗaya. Wa zai rantse?"

Alhaji ya bar baƙinsa suka watse. Washegari bayan ya karya ya aiko a kira ni. Yana zaune kan buzu a barandarsa, Hajiya tana gefe. Na tsaya, ya ce in zauna saboda ƙafata.

"Kuku, ka kunyata ni gaban surukaina."

"Na sani, Alhaji."

"Tun da kake gidan nan ka taɓa ganin kwalbar giya ta shigo?"

"Ban taɓa gani ba."

"To me ya kai ka?"

"Yara huɗu, ƙafa ɗaya."

Ya ja carbinsa. Sannan ya ce matasan unguwa sun zo masa suna so a watsa kayanmu titi, ya ce musu gidansa ne, ba na ubansu ba. Ya ce addinina nawa ne, bai taɓa shiga ba, amma a ƙarƙashin rufinsa ba za a dafa giya ba. In fasa tukwanen, in rantse da littafinmu ba zan sake ba, mu ci gaba da zama. In ba haka ba, mu kwashe duka.

"Ko ya rantse, Yaya," in ji Hajiya, "wa zai sake sayen asanar Mariya? Muddin yana kwana a ɗakin, za a ce yana ɗiga mata. Ga azumi ya kusa. Ni kaina da na wanke 'ya'yanta, jiya ajiye kofinta na yi."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Gaskiya ce, kuma ita ta nuna mini hanya. In na fasa tukwane na zauna, giya ta tafi, asana ta mutu, mu shida mu zuba wa juna ido. In mun kwashe duka, wa zai ba gurgu mai yara huɗu ɗaki, wa kuma zai riƙe ku in uwarku ta fita? Na juya abin ta kowane gefe. Abu ɗaya ne ya tsaya tsakanin mutane da kofin uwarku, ni ne.

"Alhaji, in ni na fita da tukwanen, su za su zauna?"

"Ka saki matarka?"

"Mu ba ma saki. Kwana ne ba zan yi a nan ba, hannuna kuma ba zai sake taɓa ludayinta ba. Kowa ya gani."

"Har yaushe?"

"Har yaran su tsaya da ƙafarsu."

Alhaji ya ajiye carbinsa. "Ban taɓa ganin mai taurin kai irinka ba, Kuku." Sai ya juya ga ƙanwarsa. "Ramatu, in ya tafi, ki je teburin Mariya ki sayi kofi ki sha a bakin titi, lokacin da mutane ke fitowa daga masallaci."

"Sai ta sayi sabuwar tukunya," in ji Hajiya. "Da sabon ludayi. Ni zan raka ta, a gan mu tare."

Uwarku ba ta yarda nan take ba. Tana share fasassun kwalabe na faɗa mata, ta jefar da tsintsiyar.

"Ka zubar da abin nan, mu sha garin rogo tare."

"Wa zai sayi garin?"

"Za su ce ka gudu. Za su ce giya ta cinye ka."

"Su ce. In suka zage ni za su tausaya miki, in suka tausaya miki za su saya. Kada ki kare ni a gaban kowa. Ko a gaban yara, bakinsu ba ya riƙe magana."

Ta zauna a bakin gado, katifar har lokacin tana warin giya. Can ta tashi ta ɗaure mini tabarma.

Shi ya sa na fita da rana tsaka. Ban shiga trotro ba, motar hayar da kowa ke shiga. Na ɗora tukwanen a amalanke, mai turawa yana gaba ina baya ina jan ƙafa, muka bi babban titi, ta gaban masallaci, ta gaban masu teburi. Wasu suka tofar da yawu. Wata mata ta ɗaga murya ta ce Allah ya raba Mariya da wahala. Na ji, na ce to, aiki ya fara.

Anti Dede ta ba ni ɗakin katako a bayan gidan giyarta, inda take ajiye akwatunan kwalabe. Can na shimfiɗa tabarma, can na ƙarasa abin da na fara. Abin da ya fi mini wuya shi ne in zauna in ji tukunya ta yi shiru, in ƙi taɓa ta. Duk jikina yana ce mini ta mutu, na yi asara. Na daure. Makonni suka wuce, lakar ta kwanta, ruwan ya washe. Na kurɓa, ba kumfa, ba huci, amma ƙarfin yana nan. Sai na tuna maganar Masa, barci take yi, ka ba ta abinci. Na ɗura kwalabe kaɗan, wasu na sa musu sukari cikin murfi, wasu rabin murfi, na zuba su a durum na rufe. Masu cikakken murfi biyu suka fashe a durum. Masu rabin suka zauna lafiya. Daga ranar rabin murfi nake sawa, kuma kwalba mai kauri kawai nake saye, in na ɗaga na ji ba nauyi in mayar wa mai ita. Na kuma gane sabuwar giyar faɗa take yi a baki, zaƙi gefe, ɗaci gefe, zafi gefe. Na haƙa rami a ƙasan ɗakin, na jera kwalaben cikin duhu da sanyi, na manta da su har watanni. A can suka shirya da juna.

Ranar da na buɗe wa Anti Dede ta farko, murfin ya yi huci kaɗan, kumfa ruwan ƙasa ta hau ta tsaya a bakin kofi. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta sake kurɓa.

"Ei, Kuku! Wannan in mutum ya sha uku, sandar lantarki zai durƙusa ya gaisar."

"Shi ya sa ɗaya ake sha."

"Irin ta obroninka ce, Baturen nan?"

"A'a. Tasa sha'ir ce da ganyen ƙasarsu. Wannan dawa ce da maɗaci da dabino. Tawa ce."

Kwastomomi suka sa mata suna Baƙar Kuku. Tsofaffin ma'aikata suka fara zuwa daga Adabraka, har da masu mota. Na kafa sharaɗi ba a ba mutum fiye da biyu a zama ɗaya, Anti Dede ta yi ta ƙunƙuni amma ta bi. Ni kaina abin da nake sha bai wuce kurɓar ɗanɗano ba. Ba wanda ya taɓa ganina ina tangaɗi a garin nan. In akwai shi, ya fito.

Hajiya Ramatu ta sha kofinta a bakin titi kamar yadda aka ce. Farkon azumin layin ya ragu, kafin Sallah ya dawo. Ni da uwarku a bakin coci muke haɗuwa. In ba ta abin da na samu, ta ba ni tuwo a ɗaure cikin ɗankwali, mu zauna a benci ɗaya, a tashi kowa ya kama hanyarsa. Ku mata kuna zuwa ku gaishe ni. Pita nesa yake tsayawa. Wata rana na same shi a tashar trotro da abokansa 'yan Maamobi, ya zama saurayi. Na kira sunansa. Ɗaya ya tambaye shi wane ne wannan.

"Wani kuku ne da ya taɓa zama gidanmu."

Na wuce. Takalmin da ke ƙafarsa ranar daga tukunyata ya fito. Pita, ban sa an rubuta wannan don in kunyata ka ba. Ka faɗi abin da na shirya unguwa ta faɗa, kuma da shi kuka ci abinci. Amma ka sani na ji.

Sau ɗaya na koma kwana a ɗakin. Lokacin ciwon ajalin uwarku, Alhaji, da ya riga ya tsufa ƙwarai, ya aiko cewa in bar tukunya a can in zo in zauna wurin matata. Na zauna har ta cika. Matan gidan suka yi mana zaman makoki kamar tasu ce. Ta riƙe alkawarin da na ɗora mata har ƙarshe, ko da kuna yi mata kuka kuna tambayarta. Yanzu ba teburin asana da za a kare, shi ya sa nake magana.

Ɗakin Maamobi yana hannunmu har yau. Pita ne a ciki da matarsa da 'ya'yansa, kuma ba a taɓa watsa kayan ɗayanku a titi ba. Ni ina Kokomlemle, an rushe ɗakin katakon an yi na bulo a wurinsa. Ba na iya ɗaga tukunya kuma, in za a dafa sai in zauna a kujera in faɗi lokacin sauke kasko. Ba na zuwa ko'ina. Trotro ɗaya ne daga Maamobi zuwa nan.